Ƙetare Tekun Atilantika da jirgin ruwa mai tafiya da iska: wane kaya ya cancanci a ɗauka?

Daga Las Palmas da ke tsibiran Kanari zuwa Sent Lusiya a yankin Karibiyan tafiya ce ta kusan mil 2,700 na teku. Ita ce hanyar da ayarin ARC, wato gangamin ƙananan jiragen ruwa masu ƙetare Atilantika tare, ke bi a ƙarshen Nuwamba kowace shekara, kuma ƙaramin jirgi yakan yi mako biyu zuwa uku babu tudu, babu kanti, babu makaniki. Da wannan tafiya za mu auna kayan.

Da me ake gane kayan da ya cancanta?

Tambaya biyu ake yi wa kowace na'ura kafin a biya kuɗinta. In ta lalace a tsakiyar teku, za ka iya gyara ta da abin da ke cikin jirgin? In ba za ka iya ba, tafiya za ta ci gaba ba tare da ita ba? Wadda ta faɗi duka biyun, ko dai a tanadi madadinta, ko a haƙura da ita. Kuɗin farko kuwa yana tafiya ne ga abin da ke hana ruwa shiga, da wayoyin ƙarfen da ke riƙe da jigon jirgi (dogon sandan da ake ɗaura wa ƙyallen da iska ke turawa), da sitiyari. Galibin masu inshora suna so a canza wayoyin nan in sun kai wajen shekara 10, domin tsagewar takan ɓuya ne a bakin mahaɗa, inda ido ba ya gani.

Matuƙi mai lantarki ko mai aiki da iska?

Matuƙi a nan na'ura ce mai riƙe jirgi a kan hanya da kanta. Nan ne ya kamata a daɗe ana tunani, domin mutum biyu ba za su iya riƙe sitiyari dare da rana na mako uku ba, gajiya ce za ta kai su ga kuskure. Mai lantarki yana bin alƙiblar da aka saita masa, yana aiki ko da inji ake tafiya. Amma yana shan wuta: a teku mai igiyar ruwa yakan ja amfiya (ma'aunin wutar da na'ura ke ja) 3 zuwa 5 ba tsayawa, wato kusan amfiya-awa 100 a kwana guda. Mai aiki da iska, irin su Hydrovane, Monitor da Aries, ba ya buƙatar batir ko kaɗan, gyaransa ma da sifana da igiya ne. Rauninsa shi ne iska mai sanyin jiki da ke busowa daga baya, domin saurin jirgin yana rage ƙarfin iskar da ke taɓa faifansa. Kuma in iska ta sauya, shi ma ya sauya hanya bai faɗa maka ba.

A ganinmu, jirgi mai mutum biyu ya fi dacewa da duka biyun. In aljihu bai kai ba, a ɗauki mai iska, a haɗa da ƙaramin mai lantarki don ranakun da iska ta kwanta.

Injin tace ruwan teku dole ne?

Ba dole ba ne. A lissafa lita 4 ga kowane mutum a rana don sha da girki. Mutum huɗu a kwana 21 lita 336 ke nan, a ƙara rabin hakan saboda jinkiri, ya zama wajen 500. A raba shi tsakanin tanki da jarkoki, don kada yoyo ɗaya ya tafi da shi duka. Injin yana kawo sauƙin wanka da wanki, amma yana tura ruwa ne da matsin da ya kai wajen bar 55, wato kusan ninki 55 na matsin iskar da muke shaƙa, kuma fatar tacewarsa ba ta jure sinadarin kulorin. Wanda ya ɗauraye ta da ruwan famfon tashar jirgi ba tare da matacin gawayi ba ya lalata ta. Ko da injin, a bar tashar da cikakken ruwan da zai kai ga ƙarshen tafiya.

Wutar lantarki fa, nawa za ta isa?

A rubuta abin da kowace na'ura ke ja, a ninka da awannin aikinta. Firji kaɗai yakan cinye amfiya-awa 40 zuwa 60 a rana cikin zafi. Batir mai dalma ba a son a sauke shi ƙasa da rabi, saboda haka mai amfiya-awa 400 yana ba da 200 ne kawai. Faifan sola yana da kyau, sai dai inuwar ƙyallen jirgi a kan ɓangarensa kaɗan tana zubar da wutarsa sosai, kuma a wannan hanya ƙyallayen suna buɗe yini guda.

Wane kayan ceto ne ba a tafiya sai da shi?

EPIRB, mai aika kiran ceto ta tauraron ɗan'adam a kan mita 406 MHz, kuma a yi masa rajista da sunan jirgin. Kwale-kwalen ceto mai hura kansa, wanda kwanan dubawarsa bai wuce ba. Rediyon VHF a tasha ta 16, da AIS, na'urar da ke sanar da inda jirgi yake, don manyan jirage su gan ka. Sai rigar ceto mai igiyar ɗaure mutum da jirgi, wadda muke ɗauka ta fi sauran muhimmanci, domin samo wanda ya faɗa ruwa da dare abu ne mai matuƙar wuya. Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, yana kawo hasashen yanayi, amma da batirin jirgi yake rayuwa, ba ya shiga kwale-kwalen ceto.

Mene ne ya fi lalacewa a hanya?

Goga. Igiya da ƙyalle suna shafar wuri ɗaya dubban sau a yini har su tsinke, don haka ake zagaya jirgi safe da yamma, ana ɗan matsar da igiya, ana rufe wurin da ke ci. A ɗauki allura da zaren ɗinkin ƙyalle da igiyoyin canji. Inji kuma dattin tanki ne ke kashe shi: igiyar ruwa tana tayar da laka daga gindin tankin dizal ta toshe mataci. A wanke tankin kafin tashi, a riƙe matatan mai aƙalla huɗu, da bel, da robar famfon sanyaya inji guda biyu, kuma a gwada canza kowanne a tasha tukuna.