Gishiri mai gudana a matsayin ruwan batir: tambayoyi da amsoshi

Mene ne aikin ruwan da ke cikin batir?

Kowane batir yana da ɓangare biyu, fozitif da negatif, kuma a tsakaninsu akwai abin da ƙwayoyin zarra masu ɗauke da caji, waɗanda ake kira ayon, suke ratsawa daga wannan gefe zuwa wancan yayin da lantarki ke bi ta waya a waje. A batirin mota, asid ɗin da aka sirka da ruwa ne yake wannan aiki, shi ne masu cajin batir ke kira ruwan batir. Batirin litiyam na waya da kwamfuta kuwa, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, ba a sa masa ruwa ko ɗigo, domin a ƙa'ida ruwa yana fara wargajewa a bolt 1.23, alhali shi wannan batir yana kaiwa bolt 4.2 idan ya cika. Saboda haka ake narkar da wani gishirin litiyam mai suna LiPF6 a cikin sinadaran kabonet, waɗanda su ma masu gudana ne kamar ruwa. Suna aiki da kyau ƙwarai, sai dai suna cin wuta, har akwai wanda tururinsa kan kama a zafin da bai kai digiri 20 ba. Lokacin da aka dakatar da jiragen Boeing 787 daga tashi a 2013, da lokacin da Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 a 2016, mafarin matsalar yana wani wuri a cikin batirin, amma ruwan kabonet ɗin nan ne makamashin wutar.

To mene ne ruwan ayon, kuma yaya gishiri zai zama ruwa ba tare da an jiƙa shi ba?

Ruwan ayon gishiri ne zalla wanda yake narkewa a ƙasa da digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, kuma da yawa daga cikin irinsa a narke suke ko a zafin ɗaki. Gishirin miya ba ya narkewa sai a digiri 801, domin ayon ɗinsa na sodiyam da kulorin ƙanana ne, masu daidaiton siffa, suna jeruwa a matse suna riƙe juna gam. Idan aka maye gurbinsu da manyan ayon masu karkatacciyar siffa, waɗanda cajinsu ya bazu a jikinsu maimakon ya taru wuri ɗaya, jeruwar ba ta yiwuwa, sai gishirin ya kasa daskarewa.

Abin ba sabo ba ne. Tun a 1914 Paul Walden ya bayyana wani gishiri da ke narkewa a digiri 12. A 1982 John Wilkes da abokan aikinsa a Kwalejin Sojan Sama ta Amurka, suna neman ruwan batir, suka haɗa irin da ake yi da ayon ɗin imidazoliyam da kulorayid na alminiyam, amma shi ba ya shiri da danshi ko kaɗan. Sai a 1992 Wilkes da Michael Zaworotko suka fito da nau'in da ke jure iska da danshi, daga nan ne binciken ya bunƙasa.

Me ya ja hankalin masu ƙera batir gare shi?

Babban dalili shi ne kusan ba ya tururi, kuma abin da ba ya tururi yana da wuyar kama wuta, domin tururin ne ke ci, ba ruwan kansa ba. Da yawa daga cikinsu suna jure zafin da ya haura digiri 300 kafin su lalace, wasu kuma suna ɗaukar bolt 4 zuwa sama da 5 ba su wargaje ba.

Wannan batu na bolt ya fi nauyi a wurin sufakafasita, na'urar da ke tara caji a fuskar gawayi mai ƙananan ramuka, ta cika cikin daƙiƙoƙi kuma ta juye cikin daƙiƙoƙi. Makamashin da take riƙewa yana ƙaruwa ne da bolt sau bolt. Waɗanda ke kasuwa galibi a bolt 2.7 suke tsayawa, don haka idan ruwan ayon ya ba da damar kaiwa 3.5, lissafi ya nuna makamashin zai ƙaru da kusan kashi 68 cikin 100, muddin sauran abubuwa ba su canja ba.

Idan haka ne, me ya hana shi maye gurbin wanda ake amfani da shi?

Kauri ne, kuma daga tushe ɗaya yake da alherin da ake yabo. Jan da ayon ke yi wa juna, wanda ya hana su tashi su zama tururi, shi ne kuma yake hana su tafiya da sauri. Ko marasa kaurin cikinsu sun ninka ruwa kauri sau 20 zuwa 30, wasu kuma, irin masu ayon ɗin firolidiniyam da aka fi so saboda jure bolt, suna zuba ne kamar man gyaɗa. Da an ƙara gishirin litiyam, wanda dole ne a ƙara shi, sai kaurin ya ƙaru. Sannan litiyam ɗin ya tarar da kansa a cikin cunkoson wasu ayon da su ma suna motsi alhali ba su da aiki a cajin, don haka kaso kaɗan na lantarkin da ke ratsawa shi ke ɗauka. Sakamakon shi ne batirin da ke yin daidai idan ana jan wuta a hankali, amma ya gaza wurin saurin caji, ya ƙara gazawa idan sanyi ya sauka. Ko a masana'anta ma, ruwa mai kauri yana daɗewa kafin ya jiƙa ramukan ɓangarorin batir.

Akwai kuma matsalar girafait, baƙin abin nan na cikin fensir, wanda da shi ake yin ɓangaren negatif. Sinadaran kabonet sukan shimfiɗa masa wata siririyar fata a cajin farko, wadda litiyam ke ratsawa amma ta tare sauran. Yawancin ruwan ayon ba sa yin wannan fata, sai manyan ayon ɗinsu su kutsa tsakanin shafukan girafait su ɓarke shi. Rukunin Masashi Ishikawa a Jami'ar Kansai ta Japan ya nuna a 2006 cewa nau'in da ke da wani ayon mai fulorin da ake kira FSI yana kauce wa wannan, shi ya sa hankalin masu bincike ya karkata can. Na ƙarshe shi ne tsada, domin tace shi daga danshi da ragowar kulorin aiki ne mai cin kuɗi, kuma ɗan datti kaɗan ya isa ya rage bolt ɗin da ake taƙama da shi.

Gaskiya ne ba ya ƙonewa kuma ba ya cutar da muhalli?

An yi ƙari a nan. Idan zafi ya kai inda zai wargaje, wasu suna fitar da iskar da ke ci da wuta, masu fulorin kuma suna fitar da hayaƙi mai guba. Rashin tururi yana kare iska, amma wasu nau'o'in suna da guba ga halittun ruwa kuma ba sa ruɓewa da wuri. A ganina, kiran su duka masu lafiya ga muhalli talla ce, domin nau'o'in sun kai dubbai kuma kowanne da halinsa.

A ina ake ganin amfaninsa a zahiri?

A wuraren da kauri ba ya damun kowa, ko inda babu wani zaɓi. A 2014 ƙaramin tauraron ɗan'adam na Japan mai suna Hodoyoshi-3 ya tafi da batirin litiyam mai ruwan ayon, kuma dalilin a fili yake: inda babu iska, ruwan da ba ya tururi ba zai kumbura jakar batir ba. A 2015 rukunin Hongjie Dai a Jami'ar Stanford ya nuna batirin alminiyam da girafait mai bolt kusan 2, wanda aka yi wa caji sama da sau 7,500, kuma ruwan ayon ne ya sa alminiyam ke iya narkewa ya sake kwantawa. Wasu masu binciken kuma suna sirka shi da sinadaran kabonet don rage cin wuta, ko su haɗa shi da roba ya zama mai ƙwari.

Zafi ma aboki ne gare shi, tunda yana tsinka shi. A Sakkwato ko Agadas, inda zafin watan Afrilu ko Mayu ke haura digiri 40 kuma batirin sola ke saurin tsufa a ɗakin kwano, wannan hali zai yi amfani. Amma a yau batirin litiyam da ake saye don sola galibi na fosfet ɗin ƙarfe ne, kuma ruwansa har yanzu na kabonet ne.