Wane Yaren Kwamfuta Ya Dace da Wane Aiki?

Ga amsoshin tambayoyin da matasanmu masu koyon rubuta manhaja a Agege da Idi-Araba a Legas suka fi yi.

Me ya sa har yau da yaren C ake rubuta babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta irin Linux?

Zuciyar babbar manhaja ita ke raba wa sauran manhajoji RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ita ke magana da sassan na'ura kai tsaye, don haka tana buƙatar yaren da zai taɓa ma'adana ba ɗan tsakiya. Da C aka sake rubuta babbar manhajar Unix a 1973, da shi Linus Torvalds ya fara Linux a 1991. Yarukan Java da Go suna da mai share ma'adana da ke tashi lokacin da ya ga dama, zuciyar babbar manhaja kuwa ba ta jure wannan tsaikon.

To ina matsalar C?

Duk ma'adanar da ka karɓa da umarnin malloc, kai za ka mayar da ita da umarnin free. In ka manta, RAM ta yi ta cika har na'ura ta tsaya cak. In kuma ka zuba haruffa 20 a gurbin 16, ragowar ta malala kan bayanan da ke kusa, ka buɗe wa masu kutse ƙofa ke nan. A 2019 Microsoft ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na kurakuran tsaron da take gyarawa daga ma'adana suke tasowa. Yaren Rust yana kama yawancinsu tun kafin manhaja ta tashi, shi ya sa Linux ya fara karɓarsa a sigar 6.1 a ƙarshen 2022. Sai dai kada mai koyo ya fara da Rust. A san C tukuna.

Manhajar waya fa?

Android, Kotlin: Google ya fifita shi kan Java tun 2019. iPhone, Swift, amma Xcode, manhajar da ake rubuta manhajojin iPhone a cikinta, sai a kan kwamfutar Mac yake aiki. Mai son rubutu ɗaya ya hau duka biyun, ya koyi yaren Dart ya yi aiki da Flutter, kayan aikin haɗa manhaja da ke amfani da Dart.

Wace kwamfuta zan nema a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja?

Kada RAM ɗinta ya gaza 8GB, kuma ta zo da SSD, ma'ajiyar fayiloli mai sauri. Wayar gwaji ta cikin Android Studio, manhajar da ake rubuta manhajojin Android a cikinta, tana cin RAM sosai, gara ka jona wayarka da igiyar USB ka riƙa gwaji a kanta.