Ɗaurin kaya a cikin bas: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Maigatari ran Alhamis ya ga yadda ake lodin J5 da Hiace: a cusa, a danna, a ja ƙofa, sai Kano. Ga tambayoyin da direbobi da yaran mota suka fi yi idan aka yi musu maganar ɗauri.

Buhun gero mai kilo 100 ina zai je? Ai nauyinsa ya isa ya riƙe shi.

A nan aka fi yin kuskure. Mota ce ke da birki, buhu ba shi da shi. Akuya ta faɗo titi, ka taka da ƙarfi, mota ta tsaya, shi kuwa buhu tafiyarsa zai ci gaba da yi har sai ya sami abin da ya tare shi. Sau da yawa abin nan bayan kujerar direba ne. Ƙa'idar ɗaurin kaya ta ƙasashen Turai ta ce dole ɗauri ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya ta gaba, rabin nauyin kuma ta gefe da ta baya. Wato buhu goma, ka lissafa kilo 800 ne ke neman ƙeyarka. Ga shi buhunan yanzu santsi gare su a kan ƙarfe, don haka a shimfiɗa roba ko katako kafin a fara jerawa.

To ta ina ake fara lodi?

Daga gaba. Mai nauyi a ƙasa, a manne da shingen da ke bayan direba, a raba shi daidai dama da hagu. Kwandunan tumatir na Kura da sauran kaya marasa nauyi su hau sama. Kada a bar giɓi tsakanin kaya. A toshe shi da tsohuwar taya ko buhun ƙaiƙayi. Idan aka tara nauyi can wajen ƙofar baya, tayoyin gaba sukan yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana a kwana.

Igiya, roba ko bel?

Bel mai maƙulli, wato mai ƙarfen da ake ja yana matse kaya, ya fi, igiya mai kauri na biye da shi. Robar tsohon tif kuwa, wadda kowa ya fi so saboda arha, miƙewa take yi daidai lokacin da ake bukatar ta riƙe. A ɗaura a jikin zoben da ke ƙasa a cikin mota, ba a ƙafar kujera ba. Kuma hatsi yakan zauna idan ya sha gargada, sai ɗauri ya saki. Bayan 'yan kilomitoci a tsaya a ƙara ja.

Jarkoki fa?

A tsaye, a haɗe su wuri ɗaya a ɗaure. Wadda ba ta cika ba, ita ta fi rigima, don man da ke ciki yana kai-komo. Fetur da tukunyar gas kada su zauna tare da fasinja.

Kaya sun yi yawa, ƙofar baya ta ƙi rufuwa. In ɗaure ta da igiya?

A'a, maigida. Ba a yi ƙofa don ta tare kaya ba, kuma idan tana buɗe hayaƙin salansa yakan dawo ciki, ya sa ciwon kai da gyangyaɗi. Yaron motar da aka ɗora a kan buhu shi zai fara shaƙa. A sauke buhu biyu, a dawo musu a sawu na gaba.