Hawaye a gaban fim ba raunin zuciya ba ne

An daɗe ana cewa wanda ya yi kuka yana kallon fim, ko dai zuciyarsa ce ba ƙarfi, ko ya manta cewa wasa ne. Ba haka abin yake ba.

Mai kukan ya san sarai 'yan wasa ne, da an kashe kyamara za su tashi su share fuska. Sai dai tausayin ɗan Adam ba ya jiran a tantance gaskiya da ƙage; da ido ya ga fuska cikin baƙin ciki, sai jiki ya amsa. Masu shirya fim sun san haka. Shi ya sa kyamara ke matsowa har ka ga leɓen uwa yana rawa, kiɗa kuma ya yi sanyi daidai lokacin. In labarin ya sosa maka wani tsohon rashi, to, rabin kukan naka ne.

Gwada da kanka: koma wurin da ya fi taɓa ka, ka kashe sautin. Sau da yawa za ka ji nauyin ya ragu.

Ku tura wa 'yan'uwa da abokai wannan bayani, musamman masu kau da kai in fim ya zo wurin.