Shirun Oga Ba Ya Kashe Ƙara

An daɗe ana faɗa a Agege da Mile 12 cewa idan aka doke ka a wurin aiki, ka kai kuka wurin oga ya yi kunnen uwar shegu, shi ke nan, sai haƙuri. Wai maganar cikin gida ce, musamman ga maigadi ko ɗan dako da ba shi da takardar ɗaukar aiki.

Ba haka ba ne. Duka laifi ne a dokar manyan laifuffuka ta Jihar Legas, ko a titi aka yi shi ko a bayan sito. Ba ka buƙatar izinin oga kafin ka je ofishin 'yan sanda. Rashin takarda ma ba ya soke haƙƙinka. Dokar Ƙwadago ta ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin ba ka ita cikin wata 3 da fara aiki, ka ga laifin nasa ne.

Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne rashin hujja. Ka je asibiti ranar da abin ya faru, ka karɓi rahoton likita, ka ɗauki hoton raunin kafin kumburin ya saɓe. Sannan ka sake tura wa oga koken a rubuce, ko ta WhatsApp ne, don kada gobe ya ce bai ji ba.

Idan cin zarafin na lalata ne, cibiyar Mirabel da ke asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja tana duba mutum kyauta. Wanda aka kora saboda ya yi ƙorafi kuwa, yana iya kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke zama a Ikoyi.