Hurumin alƙalin wasa a ƙwallon kwando

Hurumin alƙalin wasa shi ne ɓangaren fili, da 'yan wasan da ke cikinsa, waɗanda aka ɗora wa kowane alƙali alhakin sa wa ido a wasan ƙwallon kwando. A manyan gasanni alƙalai uku ne ke busa wasa, kuma ana sa ran kowanne ya tsaya kan nasa yankin. Idan wani ya hura usur kan abin da ya faru a yankin abokin aikinsa, sai a ce ya shiga hurumin da ba nasa ba.

Asali

Rabon aiki tsakanin alƙalai ya faro tun daga tushe. Dokoki 13 da James Naismith, wanda ya ƙirƙiro wasan, ya rubuta a Springfield ta jihar Massachusetts a Amurka, a 1891, sun tanadi mutum biyu: ɗaya yana lura da 'yan wasa da laifuffukansu, ɗayan yana lura da ƙwallo da lokaci. Daga baya rabon ya koma na fili. Gasar NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ta gwada alƙalai uku a kakar 1978 zuwa 1979, ta koma biyu, sannan ta tsaya a kan uku tun daga kakar 1988 zuwa 1989.

Yadda ake raba fili

Filin da FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta amince da shi mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, kuma mutum goma ne ke kai-komo a ciki. Alƙalan suna tsayuwa kamar duwatsun murhu. Na gaba yana bayan layin ƙarshe, kusa da kwando, yana kallon turereniyar da ake yi a ƙarƙashinsa. Na baya yana gefe ɗaya da shi, a bayan 'yan wasa, galibi idonsa na kan mai riƙe da ƙwallo a wajen layin maki uku. Na tsakiya yana ɗaya gefen, daidai saitin layin jifan kyauta, kuma aikinsa ya fi na kowa rashin armashi: kallon waɗanda ba sa riƙe da ƙwallo, masu tare hanya da masu jan riga a ɓoye. Idan ƙwallo ta koma gefen na tsakiya ta zauna, na gaba yakan tsallaka, na tsakiya ya zama na baya, na baya ya gangaro ya zama na tsakiya.

Me ya sa ake ƙyamar busa a yankin wani

Wannan rabo yana cikin littattafan koyar da aikin alƙalanci ne. Dokar wasa ba ta soke hukunci don kawai an yanke shi daga nesa, kuma a tsarin FIBA babu alƙalin da ke da ikon yin watsi da hukuncin ɗan'uwansa. Da zarar usur ya yi ƙara, magana ta zauna. Abin da ya sa ake tsananta horo a kai ke nan.

Matsala ta farko ita ce kusurwar gani. A ce ɗan wasa ya kutsa zuwa kwando, mai tsaro ya kai hannu, ƙwallo ta suɓuce. Alƙalin da ke can nesa bayan mai tsaron kawai yake gani, da hannun da ya sauka, sai ya ɗauka an doki hannu. Na kusa, wanda ke hango tazarar da ke tsakanin jikkunan biyu, ya ga ƙwallon aka taɓa, shi ya sa ya yi shiru. Shirun nan ma hukunci ne, kuma busar na nesa ta rushe shi a gaban jama'a.

Ta biyu ta fi muni ko da yake ba a cika lura da ita ba. Alƙalin da idonsa ya bi ƙwallo zuwa yankin wani ya bar nasa babu mai tsaro. Idanu shida a kan mutum biyu, sauran takwas suna cin karensu babu babbaka. A irin wannan lokaci ake sakar wa mutum gwiwar hannu a haƙarƙari ba wanda ya gani.

Akwai kuma busa biyu a lokaci guda, musamman a kan iyakar yankuna. Mafi ban kunya shi ne ɗaya ya nuna laifin mai tsaro ne, ɗayan ya nuna mai kai hari ne ya banke shi. Don kauce wa haka ake koya musu su ɗaga hannu kawai, su haɗa ido, su bar mai yankin ya bayyana hukunci.

Lokacin da ya halatta

Ba a hana taimako gaba ɗaya ba. Idan laifi ya fito fili, kuma 'yan wasa sun tare wa mai yankin gani, ana so abokin aikinsa ya ɗan jinkirta, in bai ji usur ba sai ya busa. Naushi da mugunyar ƙeta kuwa duk wanda ya gani shi ke da hurumi.

Yawan kawaici ma yana da nasa tsadar. Ranar 28 ga Janairu, 2023, a daƙiƙun ƙarshe na wasan Boston Celtics da Los Angeles Lakers, ana kunnen doki, Jayson Tatum na Boston ya doki hannun LeBron James na Lakers lokacin da James ke shirin zura ƙwallo, kuma cikin alƙalai uku ba wanda ya busa. Patrick Beverley na Lakers ya ɗauko kyamara ya nuna wa shugaban alƙalan, Eric Lewis, hoton abin, aka hukunta Beverley kan rashin ɗa'a. Boston ta yi nasara da ci 125 da 121 bayan ƙarin lokaci, kuma Lewis ya amsa bayan wasan cewa laifi ne suka kasa busawa.

Tun 2015 NBA take fitar da rahoton hukunce-hukuncen minti biyu na ƙarshe a wasannin da suka yi kankankan, inda ake bayyana busar da ta yi daidai, da wadda aka yi kuskure, da wadda ya kamata a yi ba a yi ba. Daga kakar 2019 zuwa 2020 koci yana iya ƙalubalantar laifin da aka busa wa ɗan wasansa a duba bidiyo, amma ba ya iya ƙalubalantar laifin da ba a busa ba kai tsaye.