Yarjejeniyar Kampala: Dole ne ɗan gudun hijira ya koma gida idan an rufe sansani?

Da zarar an ji ƙishin-ƙishin za a rufe wani sansanin 'yan gudun hijira, sai maganganu su cika gari. Wani ya ce duk wanda ya ƙi komawa ƙauyensu ya karya doka. Wani ya ce ai wanda ruwa ya koro ba ya cikin lissafi, tanadin na waɗanda bindiga ta raba da gidajensu ne kawai. Akwai ma masu cewa wajibi ne gwamnati ta biya diyyar kowane gida da ambaliya ta ci. Duka ukun nan akwai gyara a cikinsu, kuma amsar tana cikin Yarjejeniyar Kampala.

Ƙasashen Tarayyar Afirka ne suka amince da ita a birnin Kampala na Uganda ranar 23 ga Oktoba 2009, ta fara aiki ranar 6 ga Disamba 2012 bayan ƙasashe 15 sun tabbatar da ita. Nijeriya ta tabbatar a 2012, Nijar kuma ita ce ta fara mayar da ita dokar ƙasa a Disambar 2018. Tana magana ne a kan wanda ya gudu amma bai tsallake iyakar ƙasarsa ba, ko yaƙi ne ya kore shi, ko tashin hankali, ko bala'i irin na ambaliya. Saboda haka wanda ruwan madatsar Alau ya raba da gidansa a Maiduguri a Satumbar 2024, da wanda guguwar Idai ta kora a Mozambik a 2019, matsayinsu ɗaya da wanda 'yan bindiga suka tasa.

Batun komawa gida shi ne ya fi tayar wa mutane hankali. Sashe na 9 ya ce mutum yana da 'yancin neman mafaka a wani yanki na ƙasarsa, kuma ba za a tilasta masa komawa inda ransa ko lafiyarsa ko 'yancinsa ke cikin haɗari ba. Sashe na 11 ya ajiye masa hanya uku: ya koma gida, ya zauna inda yake ya zama ɗan gari, ko a tsugunar da shi wani wuri. Shi ne mai zaɓi, kuma sai an faɗa masa gaskiyar halin da ake ciki a can kafin ya yanke shawara. Babu wani hukunci a kan wanda ya ce ba zai koma ba.

To amma yarjejeniyar ba ta hana gwamnati rufe sansani ba. Abin da ta hana shi ne tilas. Sai dai ni a ganina tilas ba sai da bulala ba. Idan aka janye abinci, aka kwashe tankin ruwa, aka ce kuɗin sallama sai wanda ya hau mota, uwar da ke riƙe da yara biyar za ta hau motar, a rubuta cewa da son ranta ta tafi. Wanda yunwa ta kora, da wuya a ce ya zaɓa.

Maganar diyya kuwa a sashe na 12 take, kuma ba yadda ake yaɗa ta ba ce. Ba a ce gwamnati ta biya asarar kowane ruwan sama ba. Cewa aka yi alhakin biya yana hawa kan ƙasa idan bala'i ya auku ta kame hannunta, ba ta kare mutane ba, ba ta kuma agaza musu ba. Wato sakaci ake tuhuma. A ce an san madatsa ta tsage an yi shiru, ko gargaɗi ya iso ofis ba a sanar da mutanen bakin kogi ba, nan akwai magana. Matsalar ita ce wa zai tabbatar da sakacin? Mutumin da tabarmarsa ma ta tafi da ruwa ba shi da kuɗin lauya, takardun da za su nuna an yi gargaɗi kuma suna hannun wanda yake ƙara.

Wani tanadi da bai kamata a manta da shi ba yana sashe na 13. Idan katin shaida ko takardar haihuwa ta ɓace a gudu, dole a ba mutum sabuwa ba tare da an ce sai ya koma garinsu ya karɓo ba. Mace ma a ba ta da sunanta, ba ta mijinta ba.

Hukunci fa? A kan masu ɗauke da makamai an yi magana a fili. Sashe na 7 ya haramta musu tare kayan agaji, ɗaukar yara aikin yaƙi, sace mutane da kai hari kan ma'aikatan jinƙai, kuma kowane ɗayansu zai amsa laifinsa shi kaɗai. Wannan bai ba ƙungiyoyinsu wani halasci ba, sashen da kansa ya faɗi haka. Amma yarjejeniyar ba ta yanka shekarun ɗauri ko tara ba, ta bar wa dokar kowace ƙasa. Gwamnatin da ta saɓa kuwa, takwarorinta ne aka ɗora wa sa mata ido ta hanyar taron ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar, taron da bai fara zama ba sai a Afrilun 2017 a Harare, fiye da shekara huɗu bayan ta fara aiki.